Neman shawara: ɗinka doguwar rigar jesi a gida don hunturu ga mai juna biyu

Mai Koyon Ɗinki, Argungu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena na wannan zaure, ina gaishe ku da kyau, ina kuma neman shawararku a kan wani ɗinki da nake son yi da hannuna kafin sanyi ya kankama.

Ina da juna biyu na wata biyar, kuma bisa lissafin da aka yi mini a wurin awo, haihuwar za ta faɗo ne a farkon watan Maris in Allah ya yarda. Ke nan watannin Disamba da Janairu, lokacin da iskar hunturu ke kaɗowa ta kan fadama da asuba, za su same ni ne da ciki ya tsufa. Kayan atamfa da leshin da aka ɗinka mini na lefe duk an yi su ne daidai jiki, da zif a baya, kuma tuni suka fara ƙin rufuwa. Bubun atamfa kuwa, ko da yake tana da yalwa, iska tana shiga ta hannu da ta wuya, ga sitacinta yana goge mini fata wadda dama ta bushe.

Abin da nake so shi ne doguwar riga mai dogon hannu ta yadi mai miƙewa, irin jesin da ake ɗinka hijabi da shi ko wanda ya ɗan fi shi kauri, wadda zan iya kwana da ita, in yi aikin gida da ita, in kuma ɗora hijabi a kanta in tafi awo. Keken da nake da shi Butterfly ne na ƙafa, wanda ba ya yin komai sai miƙaƙƙen ɗinki, kuma iyakar abin da na saba ɗinkawa shi ne atamfa da shadda da kayan yara. Da na gwada shi a kan wani guntun jesi sai na ga yana tsallake ɗinki, inda ya kama kuma, da na ɗan ja yadin sai zaren ya tsinke.

Shin wannan keke zai iya aikin, ko kuwa sai na nemi wani? Wane irin yadi ya kamata in saya, kuma yadi nawa zai isa? Sannan wane yanka ne zai kai ni har wata tara ba tare da rigar ta matse ni ko ta bayyana surar jiki ba? Ina zaune ne a gidan surukai, kuma cikin fari ne, kun dai san yadda kunyar abin take. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Inna Mai Keke, Jega

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya raba lafiya, ya kawo mai albarka. Kekenki zai iya wannan aiki, kada wani ya sa ki kashe kuɗin sayen sabo a lokacin da hidima ke gabanki, amma sai kin bi masa sharuɗɗansa, kuma na farkonsu tun a kasuwa yake farawa.

Abin da 'yan kasuwa ke kira jesi ba iri ɗaya ba ne. Mafi yawan wanda ake ɗinka hijabi da shi zaren foliyesta ne, mai santsi da ɗan sheƙi, kuma a lokacin hunturu, da yake iska ba ta da danshi, shi ne yake manne wa jiki yana bin ƙafafu, har ki ga yana tartsatsi idan kin tuɓe shi cikin duhu. Wannan ba zai yi miki ba, domin ga ƙarancin ɗumi da asuba, ga riƙe gumi da rana, ga kuma bayyana abin da kike son rufewa. Akwai wani mai kauri da suke kira sikuba, wanda yake tsayawa da kansa ba ya kwanciya a jiki; yana ɓoye sura ƙwarai, amma iska ba ta ratsa shi, kuma mai ciki ba za ta iya wuni a cikinsa ba. Wanda nake ba ki shawara shi ne jesin auduga mai matsakaicin kauri, irin na rigunan yara masu kyau, wanda aka saƙa da ɗan zaren Lycra, galibi kashi 95 cikin ɗari auduga, kashi 5 Lycra. Wannan ɗan kashi biyar ɗin shi ne yake mayar da yadin mazauninsa bayan ya miƙe, domin in babu shi, gwiwar hannu da bayan rigar za su saki su ƙi komawa.

Ki tafi kasuwa da tef ɗin awonki. Ki kama inci 4 na yadin ta faɗinsa, nesa da baki, ki ja shi a kan tef ɗin ba da ƙarfin tsiya ba. Idan ya kai inci 5, miƙewarsa kashi 25 cikin ɗari ke nan, idan ya kai inci 6, kashi 50 ne, kuma abin da kike nema yana tsakanin waɗannan biyun. Sai ki sake shi ki duba: in ya koma inci 4 ɗinsa, yadi ne na kirki, in kuwa ya tsaya a sake, ki bar wa mai shi kayansa ko da ya rage miki kuɗi. Ki kuma ɗaga shi sama ki sa tafin hannunki a bayansa yayin da kike ja, domin wani yadin sai ya miƙe yake zama shara-shara, kuma a kan ciki zai fi miƙewa. Idan kina shakkar ko auduga ce, ki roƙi ɗan ƙyalle ki kai gida ki sa masa ashana a cikin kwano. Auduga tana ci da wuta da warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi, foliyesta kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. In ba ki samu a Argungu ko Birnin Kebbi ba, ki ba masu zuwa sari Kantin Kwari a Kano sautu, amma ki haɗa su da samfurin abin da kike so.

Irin wannan yadi yawanci faɗinsa inci 60 ne, ya fi atamfa faɗi nesa, don haka yadi uku da rabi zai ishi mace mai matsakaicin tsawo riga har ƙasa da dogon hannu. Kafin ki sa masa almakashi ki wanke shi ki shanya ya bushe sarai, domin jesin auduga yana raguwa a wankin farko, musamman ta tsawo, kuma gara ya ragu yana yadi da ya ragu yana riga. Wurin yanka, ki shimfiɗa shi duka a kan tabarma, kada wani sashe ya yi lilo daga kan tebur yana jan sauran. Ɓangaren da ya fi miƙewa shi zai zagaye jiki, wato faɗin yadin ya zama faɗin riga, har da hannaye. Bakinsa yana naɗewa, wannan halinsa ne, sai ki danne shi da abu mai nauyi. Amma ba ya zarewa, saboda haka ba ki da damuwar ƙulle baki.

Tsallaken ɗinkin da kika gani laifin allura ne. Allurar atamfa mai tsini ce, tana huda zaren saƙar maimakon ta bi tsakaninsa, wani lokaci ma ta bar ƙananan huji da za su buɗe bayan wanki. Ki nemi allura mai dunƙulallen baki da ake yi don jesi, lamba 75/11 ko 80/12, ta keken gida, wadda gindinta ke da gefe guda a baje, ba ta babban keken teloli ba. Zare kuwa ki sa na foliyesta sama da ƙasa, domin yana da ɗan jurewar ja wanda na auduga ba shi da ita. Ki daidaita takun ɗinki ya zama tara ko goma a kowane inci, ki ɗan sassauta zaren sama, ki kuma warware dunƙulen da ke saman kan keken kaɗan domin ƙafar ta rage danne yadin. Yayin da kike ɗinki, ki riƙe yadin ta gaban allura da bayanta ki ɗan miƙe shi kaɗan, ki bar haƙoran keke su tafi da shi da kansu, ta yadda idan kin sake shi ɗinkin zai tattaru ya sami wurin miƙewa daga baya. Ki sake bin layi na biyu kusa da na farko a hammata da gefuna. Idan keken yana haɗiye yadin a farkon ɗinki, ki sa takarda mara kauri a ƙarƙashi, ki yage ta bayan kin gama.

Maganar yanka kuwa, ni a ganina babu wanda ya kai riga mai haɗi a ƙarƙashin ƙirji. Ki yanka saman da ɗan yalwa, ki ƙara aƙalla inci 2 a kan awon ƙirjinki na yau saboda zai ƙaru, ki tsayar da shi inci ɗaya ko biyu a ƙasan ƙirji. Ƙasan rigar ta gaba ki yi mata faɗi ninki ɗaya da rabi na faɗin saman, ki tattara ta a haɗe, ta baya kuwa tattara kaɗan ta wadatar. Ki kuma bar tsakiyar gaban ta fi gefuna tsawo da inci 3, ki zagaye ta a hankali, domin idan ciki ya fito yana ɗage gaban riga, sai ki ga baya na jan ƙasa gaba kuma ta bar idon sawu a waje. A kafaɗa ki haɗa siririn tsinken atamfa a cikin ɗinkin, domin nauyin rigar duka a nan yake rataye, in ba a tsare wurin ba zai yi ta zamewa har hannu ya rufe yatsu.

Wuya shi ne inda miƙaƙƙen ɗinki ya fi tsinkewa, tunda nan ake ja kullum wurin sawa da tuɓewa. Dabarar ita ce ki buɗe shi yadda kai zai wuce ba tare da an ja ba, kimanin inci 26 a zagaye, ko ki yi ƙaramin wuya da tsaga da maɓalli. In za ki sa masa baki na yadin, ki yanka tsinken ya gaza zagayen wuyan, kimanin kashi 85 cikin ɗari, wato wuya mai inci 26 tsinkensa inci 22, ki raba su huɗu-huɗu da fil, ki ja tsinken kawai wurin ɗinki, ban da wuyan rigar. Haka zai kwanta lumui.

Tela, Babbar Kasuwar Birnin Kebbi

Salamu alaikum. Malama, Allah ya sauke ki lafiya. Inna ta yi bayanin da ya gamsar a kan yadi da allura, ba ni da abin ƙarawa a nan, amma da izininta zan saɓa mata a wuri biyu, bisa abin da nake gani a kayan da ake kawo mana gyara.

Na farko shi ne haɗin ƙarƙashin ƙirji. Wannan ɗinki ne da ya zagaye jiki ta ɓangaren da yadin ya fi miƙewa, kuma dole ya wuce ta kafaɗu duk lokacin da za a sa rigar ko a tuɓe ta. A keken da ke yin zigzag ba matsala, sai a sa faɗinsa milimita ɗaya ko ƙasa da haka, tsawonsa biyu da rabi, ɗinkin ya riƙa miƙewa tare da yadin. Amma a Butterfly na ƙafa, ga nauyin tattara yana jan sa ƙasa, ga kafaɗu suna jan sa gefe, wurin nan ne yake fara ɓarkewa. Ban da haka, ita Malama ta ce tana gidan surukai tana jin nauyin a gane, alhali haɗin ƙarƙashin ƙirji yana shata daidai inda ciki ya fara, mai kallo daga nesa ma ya san abin da ake ciki. Ni da zan yanka mata, sai in yi rigar da ba ta da haɗi a tsakiya ko kaɗan: ta kama kafaɗa da hammata daidai, daga nan ta buɗe a hankali har ƙasa, a kuma sa ninki guda mai zurfin inci 3 ko 4 a tsakiyar gaba, wanda za a ɗinke daga wuya zuwa tsakiyar ƙirji a sake shi daga nan. Yanzu da cikin bai girma ba ninkin zai kwanta a rufe, idan ya girma ya buɗe da kansa. Amfanin wannan yanka shi ne dogayen ɗinkunan duka suna bin tsawon yadi ne, inda miƙewa ba ta da yawa, saboda haka miƙaƙƙen ɗinki ba ya shan wahala. Abin da yadin jesi ke buƙata domin ya rufe sura shi ne yalwa da ɗan nauyi. Idan aka yanka shi daidai jiki, ko ƙasa da awon jiki yadda ake yi wa rigunan kanti, sai ya ɗame kamar fatar ganga, komai kaurinsa.

Na biyu, ban ga dalilin da zai sa a ƙi amfani da keken wibin ba, wato keken da ke datse bakin yadi yana ƙulle shi da zare, alhali kusan kowane layin teloli akwai shi, kuma kuɗin da ake karɓa kaɗan ne. Malama ta yanka a gida, ta haɗa gefuna da hannaye da dogon ɗinkin riƙo, ta aiki yaro ya kai a bi mata. Sai dai ta ce a yi da zare huɗu in akwai, domin mai zare uku an fi yin sa don ƙulle bakin yadi, bai kai mai huɗu ƙarfi ba a wurin da ake ja. Ta kuma ce a gwada a kan ƙyalle tukuna, saboda idan wuƙar keken ta dakushe tana tauna jesi, kuma idan mai keken ya ja yadin da yawa, ɗinkin zai fito yana lanƙwashe-lanƙwashe. In ba mai zare huɗu, sai a bi da mai ukun, ita kuma ta ƙara miƙaƙƙen layi guda a gida ta cikinsa.

Game da kalmasar ƙasa, tunda rigar mai faɗi ce ba a jan ƙasanta, miƙaƙƙen ɗinki ya isa. A ninke inci ɗaya sau ɗaya tak, a goge da dutsen guga mara zafi sosai, a ɗinke, ban da ninki biyu irin na atamfa wanda ke sa bakin ya yi kauri ya murɗe. Bakin hannu ne ke son kulawa, domin ana tura shi sama wurin alwala da wanke-wanke. Gara a yi masa baki na dabam da ninkakken tsinken yadin, yadda Inna ta faɗa a wuya, ko a bar shi da faɗi a zura siririyar roba a ciki.

Wata shawara ta ƙarshe ita ce kada ta fara da yadin da ta saya da tsada. Ta sayi babbar rigar jesi ta maza a wurin masu gwanjo, ta wanke ta da kyau ta shanya a rana, ta farke ta ta ɗinka wa wani yaro riga da ita. Hannunta zai saba da yadda yadin ke tafiya a ƙarƙashin ƙafar keke, kuma za ta gane daidai gwargwadon jan da zarenta ke ɗauka.

Malamar Jinya, Yauri

Ƙanwata, barka da wannan niyya, Allah ya inganta. Ni ba gwanar ɗinki ba ce, aikina ɗakin awo ne, don haka zan yi magana ne a kan abin da rigar za ta tarar a jikinki.

Kada tsoron hunturu ya sa ki sayi yadi mafi kauri. Jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari kafin haihuwa, jikinta kuma yana aiki fiye da da, shi ya sa za ki ga kowa na rawar ɗari ita tana neman mafici. Sanyinmu na nan kuma na dare da safiya ne. A watan Janairu ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 20 da asuba, amma kafin azahar ya haura 30. Riga mai matsakaicin kauri wadda za ki ɗora wa suwaita mai buɗaɗɗen gaba da safa da safe, ki cire su da hantsi, ta fi miki riga guda mai kauri da ba ki da yadda za ki rage ta. Ki kuma tuna cewa haihuwarki a Maris ce, lokacin da zafin bazara ke shigowa, wanda a jiharmu yakan wuce digiri 40 a Afrilu, saboda haka ko ɗaya daga cikin rigunan ki yi ta da yadi mara nauyi.

Game da yawan wurin da za a bar wa ciki, mahaifa tana kaiwa daidai cibiya ne a wajen mako na 20, wato inda kike yanzu, kuma daga mako na 24 awon da muke yi da tef daga ƙashin mara zuwa saman mahaifa yakan yi kusan daidai da yawan makonnin, santimita ɗaya a kowane mako, har zuwa wajen mako na 36. Ke nan akwai kimanin santimita 15 a gabanki, kusan inci 6, ban da faɗi. Mace mai matsakaicin jiki takan ƙara kilo 11 zuwa 16 a tsawon cikin, kuma ba a ciki kaɗai yake tsayawa ba, har da damtse da ƙugu da ƙirji. Don haka hannun rigar ma ki ba shi yalwa. Ko wane yanka kika zaɓa tsakanin na Inna da na Malam Tela, kada ki sa roba mai ƙarfi a ƙarƙashin ƙirji ko a kan ciki, domin a watannin ƙarshe ƙwannafi da cikar numfashi sun isa damuwa ba sai an ƙara musu da matsi ba.

Akwai abu biyu da muke fama da su a ranar awo. Hannun riga dole ya iya naɗuwa har saman damtse ba tare da ya shaƙe shi ba, saboda awon hawan jini da allurar rigakafin tetanus, kuma hannun da ya ɗaure damtse yana iya ɓata sakamakon awon. Sannan doguwar riga sai an ɗage ta duka kafin a auna ciki a saurari bugun zuciyar jariri, don haka ki riƙa ɗaura zane ko ki sa buje a ƙarƙashinta domin ki sami sutura a kan gado. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau takwas kafin haihuwa, kuma yawancin zuwan a watannin ƙarshe ne, saboda haka rigar za ta sha zuwa asibiti.

Ƙaiƙayin fatar ciki a hunturu abu ne da aka saba, man kaɗanya bayan wanka da yadin auduga suna rage shi. Amma idan ƙaiƙayin ya tsananta a tafin hannu da tafin ƙafa, musamman da dare, ba na yadi ba ne, ki faɗa a asibiti. Haka idan fuska da hannaye suka kumbura farat ɗaya tare da ciwon kai ko ganin dishi-dishi, kada ki jira ranar awo. Zaman keken ƙafa kuma ki riƙa yanka shi, ki tashi ki taka bayan kowane rabin sa'a, ki sa matashi a bayanki.

Sai maganar wuta, wadda a wannan yanayi ba a wasa da ita. Riga mai faɗi da dogon hannu tana saurin lasar murhu, ga shi ciki yana tare miki ganin ƙasanta. Foliyesta idan ya kama narkewa yake ya manne a fata, auduga kuma tana ci da sauri, don haka ki naɗe hannu ki tattare riga kafin ki durƙusa gaban wuta. Kaskon gawayi kuwa kada a kwana da shi a rufaffen ɗaki, domin yana fitar da iska mai guba wadda ba a gani ba a kuma jin warinta, tana cutar da uwa da abin da ke cikinta.

Mai Koyon Ɗinki, Argungu

Na gode ƙwarai, Inna, Malam da Yaya, Allah ya bar zumunci. Na yanke shawarar in fara da yankan Malam Tela saboda dalilin gidan surukai da ya ambata, in ta yi kyau sai in yi ta biyu irin ta Inna don kwana. Sauran tambaya guda: ina so rigunan su ci gaba da yi mini amfani lokacin jego, to yaya zan yi musu wurin shayarwa tun yanzu? Na yi tunanin sa zif a gaba, amma ban sani ba ko jesi yana karɓar zif.

Inna Mai Keke, Jega

Yana karɓa, ɗiyata, amma da rigima. Zif ba ya miƙewa, jesi kuma yana miƙewa a ƙarƙashin ƙafar keke, sai ki ga bayan an gama gaban rigar ya yi tudu da kwari ya ƙi kwanciya. In dole sai zif, ki manna siririn gam mai laushi, wato ƙyallen nan mai mannewa idan ya ji zafi, da dutsen guga a bakin tsagar ta ciki kafin ki ɗinka, ki kuma sa ƙyalle a bayansa don kada haƙoransa su goge ki ko su karci fuskar jariri.

A rigar da Malam ya kwatanta, ninkin tsakiyar nan da kansa zai yi miki aikin. Ki tsaga cikin ninkin ta kowane gefe tsawon inci 7 ko 8 daidai ƙirji, ki yi wa tsagar baki da tsinken yadin, ki rufe saman ninkin da ƙananan maɓallan dannawa maimakon ki ɗinke shi har tsakiyar ƙirji. Idan ninkin ya kwanta babu mai ganin tsagar. A tawa kuwa, mai haɗi a ƙarƙashin ƙirji, sai ki yi saman gaba ninki biyu: na ciki ki zurfafa masa yanka ta wajen hammata biyu yadda za a iya jan sa gefe, ki haɗa shi da ƙasan rigar, na waje kuma ki bar shi a sake ya sauko inci 3 ƙasa da haɗin, ki yi masa kalmasa. Wurin shayarwa sai ki ɗaga na waje ki ja na ciki, ciki da baya suna rufe, kuma ninki biyun yana ƙara wa ƙirji ɗumi a yanzu. Na yarda da Malam cewa haɗin nan yana wahalar da miƙaƙƙen ɗinki, don haka shi kam ki kai a bi miki da wibin.

Ki zaɓi launi mai duhu ko mai ƙananan zane, saboda ɗigon nono ya fi fitowa a fili a kan yadi mai haske mara zane. Kafin ki yi kalmasar ƙasa, ki rataye rigar ta kwana guda domin yadin ya gama saukowa, sannan ki sa ta a jikinki wata ta shata miki tsawon da alli kina tsaye. Daga ranar kuma kada ki sake rataye ta a ƙusa ko a igiya ta kafaɗa. Idan kin wanke, ki matse ta a hankali ban da murɗawa, ki ninka ta biyu a kan igiya a inuwa ko ki shimfiɗa ta a kan tabarma mai tsabta, in ta bushe ki ninke ta ki sa a akwati. Inci ukun da kika ƙara a gaba kuma, bayan arba'in idan ciki ya koma sai ki farke kalmasar ki daidaita ta da baya.